Daga Santiyago zuwa tsibirin Ista: tafiyar da babu inda za a yada zango

Jama'a ku buɗe taswirar duniya ku kalla da kyau. Kun ga ɗan ɗigon nan a tsakiyar tekun Fasifik? Ba datti bane a sikirin ɗin wayarku, tsibiri ne, masu shi suna ce masa Rapa Nui, Turawa kuma suka sa masa tsibirin Ista don ranar Ista ta 1722 ce wani ɗan Holan, Jacob Roggeveen, ya fara iso shi. Eh, shi ne mai gumakan dutsen nan masu ƙaton kai. Tun 1888 yake hannun ƙasar Chile.

To daga Santiyago, babban birnin Chile wanda shi ba ma a bakin teku yake ba, yana cikin ƙasa a gindin duwatsun Andis, zuwa filin jirgin Mataveri na tsibirin, kilomita kusan 3,760 ne a sama. Jirgi na tashi, minti kaɗan ya bar tudu, daga nan sai ruwa, ruwa, ruwa har a sauka.

Amma ga inda abin yake. Nisan ɗaya ne, lokacin kuwa ba ɗaya ba. Zuwa ya kan haura awa biyar, dawowa bai cika kai biyar ɗin ba, saboda can sama akwai iska mai ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, in za ka tsibirin da ita kake kokawa, in za ka dawo ita ke tura ka ta baya.

Sai matsalar da ta fi damun matuƙa: in wani abu ya faru ina za a sauka? Babu. Makwabcin tsibirin mafi kusa da ke da mutane shi ne tsibirin Pitcairn, sama da kilomita 2,000, mutanensa ba su wuce hamsin da wani abu ba, kuma ko filin jirgi ba su da shi. Titin saukar Mataveri kuma guda ɗaya tal ne, shi yasa dole jirgi ya ɗebi man da zai ishe shi ko da za a ce masa juya, kuma ba a barin jirage su jeru a hanya, don in na gaba ya lalace a kan titin na baya ya shiga uku.

Titin dai dogo ne, ya wuce kilomita 3, Amurka ce ta ƙara masa tsawo a shekarun 1980 wai ko kumbon NASA, hukumar sararin samaniyarta, zai buƙaci saukar gaggawa. Bai taɓa sauka ba kuwa, masu yawon buɗe ido ne suka ci moriyar.

A 1951 da Roberto Parragué, wani matuƙin jirgi ɗan Chile, ya fara kai jirgi can daga garin La Serena na Chile, awa 19 ya yi a sama. Yau da jirgin kamfanin LATAM kafin la'asar ka isa, sai dai ka tuna ka mayar da agogonka baya da awa 2.