Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Aka Hukunta Derek Chauvin Sau Biyu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani mai sauraro a Maraɗi, wanda ya ce ya ji an hukunta ɗan sandan da ya kashe George Floyd har sau biyu, alhali an ce dokar Amurka ta hana a gurfanar da mutum sau biyu a kan laifi ɗaya. Yana kuma son sanin hanyoyin da wanda ake tuhuma yake bi ya kare kansa.

To Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Gyara na biyar na kundin tsarin mulkin Amurka ya hana hakan, sai dai kowace jiha cikin jihohi 50 tana da dokokinta na laifuka da kotunanta, gwamnatin tarayya ma tana da nata. Kotun Ƙoli ta sake tabbatarwa a 2019 cewa jiha da tarayya hukumomi biyu ne masu cin gashin kansu, don haka aiki ɗaya yana iya zama laifi biyu idan ya karya dokar kowace daga cikinsu.

Abin da ya faru da Derek Chauvin ke nan. Bayan ya danne wuyan Floyd da gwiwa a birnin Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, jihar Minnesota ta tuhume shi da kisa, masu taimaka wa alƙali su 12 suka same shi da laifi a Afrilun 2021, aka ɗaure shi shekara 22 da rabi. Ita kuwa tarayya, tuhumarta ita ce ya yi amfani da kakinsa ya tauye haƙƙin ɗan ƙasa. A can bai ja ba, ya amsa laifinsa, aka yanke masa shekara 21 a 2022, kuma ɗaurin biyu suna tafiya ne tare.

Wannan amsa laifi da ya yi ita ce hanyar da ta fi kowace yawa, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a Amurka, amsawa suke yi, galibi bayan lauyansu ya daidaita da mai gabatar da ƙara a kan rage tuhuma ko sassauta hukunci. A ganinmu nan ne haɗarin yake ga talaka, domin wanda ya kasa biyan beli, yana zaune a tsare aikinsa na neman kuɓuce masa, yana iya sa hannu a kan abin da bai aikata ba don kawai ya koma gida. Wanda ya sa hannu kuwa ya sarayar da yawancin damarsa ta ɗaukaka ƙara.

Wanda ya zaɓi ya ja, doka ta ba shi makamai. Yana da ikon yin shiru gaban 'yan sanda, kuma tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Miranda a 1966 wajibi ne su sanar da shi haka kafin su yi masa tambayoyi a tsare. Idan ba shi da kuɗin lauya, hukuma ce za ta ba shi, albarkacin wani fursuna a Florida mai suna Clarence Gideon, wanda ya rubuta kokensa da fensir daga kurkuku, Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 1963, aka sake shari'ar da lauya a gefensa, aka wanke shi. Lauya yana iya neman kotu ta yi watsi da hujjar da aka samo ta haramtaccen bincike, ko ya kawo shaidar cewa wanda yake karewa ba ya wurin, ko kuwa kare ransa ya yi. Nauyin tabbatar da laifi yana wuyan mai gabatar da ƙara.

Wata mai sauraro daga Kumasi kuma ta tambaya ko shugaban Amurka zai iya yi wa Chauvin afuwa. Malama, ikon shugaban ƙasa ya tsaya ne a kan laifukan tarayya kaɗai. Ko da ya yafe masa shekara 21 ɗin, hukuncin Minnesota yana nan daram, kuma hukumar afuwa ta jihar, wadda gwamna yake cikinta, ita ce kaɗai take da ikon yi masa afuwa a kansa.