Me Ya Sa Fir'aunonin Masar Ke Shiga Kabari da Fuska Biyu?

Ku kawo wata fuska a ranku, wadda aka ƙera don rufe fuskar gawa. Zinare ce, nauyinta ya ɗan haura kilo 10, tsayinta kuma santimita 54. Ta Tutankamun ce, yaron sarkin nan na Masar da ya mutu wajen shekara ta 1323 kafin haihuwar Annabi Isa, bai ko cika ashirin da haihuwa ba. Shuɗin da ke girarsa da gefen idonsa, mai kama da kwalli, wani dutse ne da ake kira lafis lazuli, wanda tun daga tsaunukan Afganistan ake kawo shi. A goshinsa ga gamsheƙa, ga ungulu, alamar mulkin arewa da kudancin Masar.

To, duk wannan dukiya, aka kife ta a kan gawa, aka rufe cikin akwatuna uku, aka toshe ƙofa don kada wani mai rai ya sake gani. Wa aka yi wa kwalliyar ke nan?

Mun saba ganin mutum ya rufe fuska don kada a gane shi. Wannan kuwa don a gane shi aka yi ta. A imanin Misirawan da, mutum ba jiki da rai kaɗai ba ne. Akwai abin da suke kira ka, ƙarfin rayuwa, wanda ko bayan mutuwa yana bukatar ci da sha, shi ya sa ake ajiye masa burodi da giya a kabari. Akwai kuma ba, wanda suke zanawa a matsayin tsuntsu mai kan mutum. Shi wannan ba zama yake yi ba. Da gari ya waye sai ya fice yawonsa, da dare kuma dole ya dawo ya kwana a jikin mai shi. In ya dawo bai gane gidansa ba, shi ke nan, mutum ya yi mutuwa ta biyu, kuma ita ce suka fi tsoro.

Ga inda gizo ke saƙa. Gawar da aka busar ba ta kama da mai ita. Kwana 70 ake ɗauka ana aikin. A zaro ƙwaƙwalwa ta hanci, a cire huhu da hanta da tumbi da hanji a zuba a tuluna huɗu, sannan a binne jikin cikin kanwa na kusan kwana 40 har ya bushe ƙayau. E, kanwa dai, 'yar'uwar wadda ake jefawa a miyar kuka, su tasu daga Wadi Natrun suke haƙo ta. Bayan haka a naɗe shi da ƙyallen lilin, ninki bisa ninki. Ina fuska ta rage? Sai a ƙera masa wata da ba ta ruɓewa, ba ta tsufa.

Zaɓen zinare ma ba alfahari kawai ba ne. Sun ɗauka cewa naman allolinsu zinare ne, ƙasusuwansu azurfa, gashinsu kuma wannan shuɗin dutsen. Wanda aka sa wa irin wannan fuska ya shiga sahun Osiris, sarkin matattu a wurinsu. A bayan fuskar Tutankamun an zana wani surkulle daga Littafin Matattu, wato tarin addu'o'in da suke yi wa mamaci guzuri da su, babi na 151, yana danganta kowane sashe na fuskar da wani abin bautarsu: wannan ido na wane, gira ta wane, goshi na Anubis.

Zuciya kuwa galibi ba sa cire ta daga gawa, domin ita za a ɗora a sikeli a gaban Osiris da alƙalai 42, a gwada ta da gashin tsuntsu guda na Ma'at, wato gaskiya. In ta yi nauyi, ga wata dodanniya mai suna Ammit nan a gefe tana jira ta cinye ta, kanta na kada, gabanta na zaki, bayanta na dorina.

Wanda ba sarki ba fa? Gwargwadon aljihunsa. Ana manna lilin da farar ƙasa, a fitar da siffar fuska, a shafa fenti, mai hali ya ɗan lulluɓa mata zinare sama-sama.

Howard Carter, wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, ya gano kabarin Tutankamun a Nuwamban 1922 a Kwarin Sarakuna, kusa da Luksor, amma sai a Oktoban 1925 ya kai ga fuskar. Ya tarar man da aka kwarara wa gawar ya daskare kamar kwalta, ya manne ta da kan sarkin. Da wuƙaƙen da aka gasa a wuta suka ɓamɓare ta, kuma gaskiya gawar ta sha wulakanci a wannan aiki.

A 2014 ma, a gidan tarihi na Alƙahira, gemun da ke jikin fuskar zinaren ya ɓalle, aka yi gaggawar liƙa shi da gam mai ƙarfi har ya bar tabo. Sai da ƙwararru daga Jamus da Masar suka shafe makonni a 2015 suna kankare gam ɗin, sannan suka mayar da gemun da kakin zuma.