Daga Gunti Yena zuwa teku: ina ledarmu take tsayawa?

Auta: Jama'a barkanku da warhaka. Malam, bidiyon kunkurun tekun nan da aka zaro wa leda daga maƙogwaro ya ƙi barin WhatsApp. Wani mai sauraro cewa ya yi, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu?

Malam: Ruwanmu kuwa, don kogin Isa, wato Kwara, shi ke kai saƙon. Tsawonsa ya kai kilomita 4,180, wajen 550 a ƙasarmu Nijar. Ya fita ta Gaya, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya zube a tekun Gini. A 2017 wasu masu bincike a Jamus sun sa shi cikin koguna goma da suka fi kai roba teku.

Hajiya: Amma Malam, lissafi ne suka yi da yawan jama'a da shara, ba tsayawa suka yi suna ƙirga leda ba.

Malam: Haka ne Hajiya. Ni ma ban yarda ledar Yamai tana isa teku yadda aka jefar da ita ba. Ga madatsar Kainji, ga Jebba a hanya. Mafi yawa a hanya take maƙalewa, cikin yashi da ciyawar gaɓa. Rana ta gasa ta, ta rududduge ta zama ɓarɓashi, kifi ya haɗiye. Shi kunkurun teku, leda mai yawo cikin ruwa kama take masa da wata halitta mai yauƙi da yake ci. Mu nan tumaki ne kunkurunmu. Tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbi.

Auta: To ayu fa?

Hajiya: Ka ji shi! Auta, ayun kake tambaya ko man ayu?

Auta: Haba Hajiya, ko aure ban yi ba.

Hajiya: Ai shi ya sa. Kowace mai kayan mata tana da kwalbar man ayu. Da duk na gaske ne, da tuni ayu ya ƙare daga nan har Mali.

Malam: Ko man shanu ne, wa zai gane?

Auta: Man shanu ma ya yi tsada yanzu, Malam.

Hajiya: To man gyaɗa da kala.

Malam: Ku bar dariya, kasuwar nan tana kashe shi. Ayu da huhu yake numfashi, dole ya ɗago ya shaƙi iska. In ya sarƙe a tsohuwar komar roba da aka yar, nutsewa yake ya mutu. Cikinsa kusan shekara guda, ɗa ɗaya tak. Ka kashe uwa, ka kashe biyu.

Hajiya: Ni kainuwa ce ta fi damuna.

Malam: Ita ai ruwan ƙazanta ke ciyar da ita. Abin da Gunti Yena, ƙoramar nan da ke ratsa Yamai ta zube a kogi, ke kwasowa daga unguwanni, ruwan wanki da na masai, taki ne a wurinta. Cikin mako biyu tana iya ninkawa. Ta rufe saman ruwa, haske ya daina shiga, in ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Ga dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yana fakewa a saiwarta. Kuskuren da ake yi, a sassare ta a bar ta cikin ruwa, abin da ya tsira ya sake toho. A jawo ta tudu, nesa da inda ambaliya ke kaiwa, ta bushe, a haɗa da kashin dabbobi a yi taki.

Auta: Dokar hana leda ta 2014 fa?

Hajiya: Je ka sayi tumatir na dala goma ka ga dokar.

Malam: Abin da zai yi aiki yanzu, raga ta ƙarfe a bakin manyan magudanai kafin ruwan farko na Yuni, don shi ke kwaso sharar rani gaba ɗaya. Amma duk bayan ruwa sai an kwashe ragar. In ba haka ba ta toshe, ruwa ya koma gidajen mutane, su kuma su ɓalle ta. Sannan abin da aka kwashe kada a ƙona shi a bakin...

Auta: Malam, lokaci. Mun ce za mu karanta saƙonni uku.

Hajiya: Sai mako mai zuwa, mu haɗa da dorinar Ayoru. Auta, ka zo da kwalbar.