Iri Da Ƙasa: Yadda Ciwon Daji Ke Yaɗuwa A Jiki

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abu uku na zo da su.

Na farko, ƙwayar ciwon daji daga jikin mutum ta fito, tasa ce. Lafiyayyar ƙwayar halitta tana rabuwa biyu idan da buƙata, ta tsaya idan an tsayar da ita, idan ta lalace ta kashe kanta. Akwai wani mai gadi a cikinta, p53, shi ke duba ɓarna. A kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam, shi ake tararwa ya lalace. Daga nan sai ƙwaya ta yi kunnen uwar shegu, ta yi ta hayayyafa.

Na biyu, nan kam zan daɗe, ku yi haƙuri. Yaɗuwa. Yawancin waɗanda ciwon nan ke kashewa, yaɗuwar ce ke kai su. Amma ku sani, ƙwayar ma wahala take sha. Sai ta ɓalle daga 'yan'uwanta, ta huda nama, ta shiga jijiyar jini ko hanyar kaluluwa, can kuma sojojin jiki na jiran ta. A 1970 wani mai binciken ciwon daji, Isaiah Fidler, ya zuba irin waɗannan ƙwayoyi cikin jinin ɓeraye. Bayan awa 24, waɗanda suka rayu ba su kai 1 cikin 100 ba.

To wadda ta tsira, ina za ta sauka? A 1889 wani likitan tiyata a Landan, Stephen Paget, ya zauna da takardun binciken gawar mata 735 da sankarar mama ta kashe. Mata 735, jama'a! Ba kwamfuta, sai ido da alƙalami. Mu yanzu shafi biyu muke karantawa mu nemi matashin kai. [dariya] Ya ga ciwon yana yawan zuwa hanta, amma da wuya ya kama saifa, alhali ita ma jini na bi ta cikinta sosai. Sai ya ce: iri na watsuwa ko'ina, amma ba ya tsira sai a ƙasar da ta karɓe shi. Ku riƙe wannan, iri da ƙasa. Wani likita kuma, James Ewing, ya zo a 1928 ya ce a'a, hanyar jini ce kawai, kuma yana da hujja: jinin hanji hanta yake fara zuwa, shi ya sa dajin hanji ke sauka can. Dukansu da gaskiyarsu, amma ni Paget ya fi burge ni. Kuma sankarar mama da ta koma ƙashi har yanzu sankarar mama ce, maganinta ake ba ta.

Na huɗu... au, na uku ko? Wata ƙwayar takan kwanta barci shekaru a inda ta sauka kafin ta farka. Hajiya, na ga hannunki.

[Tambaya: Likita, an ce idan wuƙa ta taɓa ciwon sai ya bazu. Gaskiya ne?]

Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Hakan na iya faruwa, amma ba kasafai ba, kuma likitocin tiyata suna da ƙa'idojin kiyaye shi. Abin da ya fi yawa shi ne irin ya riga ya tafi tun kafin a yanka, yana da ƙanƙanta, hoto bai gan shi ba. Bayan wata shida ya bayyana, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Wanda ya ƙi tiyata saboda wannan tsoro, lokaci kawai ya ƙara wa ciwon. Ana nuna mini agogo, mu karɓi tambaya ɗaya daga ɓangaren nan.