Me Ke Hana Gyambo Warkewa?

Assalamu alaikum. Jama'a, yau za mu leƙa cikin rauni, mu ga abin da ya sa wani kan rufe cikin mako biyu, wani kuma ya zama gyambo.

Da zarar fata ta tsage, ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira platilet kan taru su manne, zaren wani furotin na jini da ake kira faibrin ya ɗaure su, jini ya daskare. Platilet ɗin kuma suna sakin sinadaran neman agaji, irin su PDGF, mai ƙarfafa tsirowar sabon nama. Nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, su ne ke fara amsawa tun a yinin farko, su yi ta kashe ƙwayoyin cuta. Bayan kwana biyu zuwa uku sai makrofej, wasu manyan fararen ƙwayoyin jini, su iso.

To, a nan nake son ku ba ni hankalinku. Makrofej kan zo ne da faɗa: yana cinye mataccen nama, yana rura kumburi. Amma idan ya haɗiye nutrofil ɗin da suka gama aiki suka mutu, sai halinsa ya sauya. Ya kira ƙwayoyin da ake kira faibroblas su saƙa kolajin, wato zaren da ke ba fata ƙarfi, ya sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, ƙwayoyin fata kuma su rarrafo daga gefen rauni su rufe shi. A 1975, masu bincike Leibovich da Ross sun rage makrofej a jikin dabbobin gwaji, sai warkewa ta yi jinkiri. Gyaran tabo kuwa yakan kai shekara, kuma ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na fatar asali.

Gyambon mai ciwon sukari a wannan gaɓar yake maƙalewa. Makrofej ba ya barin faɗa. Sinadaran da ke narkar da nama, waɗanda ake kira MMP, sai su yi yawa, suna rushe kolajin da zarar an saƙa shi. Ga jini ba ya isa ƙafa sosai, ga jijiyar da ke sa a ji zafi ta mutu, mutum na taka ciwon bai ma sani ba.

Magani fa? A 1962 wani mai bincike, George Winter, ya nuna a jikin aladu cewa raunin da aka rufe yana da danshi ya fi wanda aka bari ya yi ɓawo saurin yin fata. Galibin bandejin zamani daga nan suka samo asali. A 1997 Amurka ta amince da man Regranex mai ɗauke da PDGF don gyambon ƙafar masu sukari. Yana taimakawa, amma ba kamar yadda aka yi tsammani ba, ni kuma ban yi mamaki ba. Ka zuba PDGF a raunin da MMP suka cika, ai narkar da shi za su yi. Shi ya sa likita ke fara kankare mataccen nama, ya magance ƙwayoyin cuta, ya daidaita sukari, ya ɗauke wa ƙafar nauyi, kafin ya yi zancen mai.