Jawabin Maraba Ga Shugabar Gidauniyar Kamfani Daga Mata Makaɗa Da Masu Rawa Na Kaduna

Ranki ya daɗe Hajiya shugabar gidauniya, da 'yan rakiyarki, iyayenmu mata da malamanmu, 'yan jarida, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Lale marhabin da zuwa Kaduna garin gwamna. Ba sai mun tsaya jero alherinki ba, labarinsa ya riga ki isowa. Mun ji yadda gidauniyar kamfaninku ke ɗaukar nauyin mata masu kiɗan jaz da masu rawar zamani ta dandamali, sana'ar da mutane da yawa ko sunanta ba sa so su kama. Kin baro aikinki kin zo har inda muke. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, don haka kwamiti ya ce a fara faɗar buƙatar kafin a shiga tarihi. Hajiya, zauren gwajin kiɗa da rawa muke roƙo. Ɗaki ɗaya mai ƙofa da makulli, mai daɓen katako, wanda zai zama namu.

Garin da kika sauka yau ba baƙon kiɗa ba ne. Tun 1917 da Turawa suka dawo da hedikwatarsu daga Zungeru, nan ne ya zama fadar mulkin Arewa har zuwa 1967, nan Sardauna ya zauna. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a garin nan, kuma ta bakinsa ƙasar Hausa da maƙwabtanta suka saba da muryoyin makaɗanmu, har da mata masu amada irin su marigayiya Barmani Choge ta Funtua, wadda ta rasu a 2013. Da ƙwarya a cikin ruwa da muryarta ta ciyar da gida, ta tara jama'a. A nan Bala Miller ya riƙe ƙungiyarsa, ya ɗora waƙar Hausa a kan ƙahonin bature. A 1977, da duniyar baƙar fata ta taru domin bikin FESTAC, Legas ta samu dandamali, amma babban hawan daba a Kaduna aka yi shi, har aka gina otal ɗin Durbar dominsa. Iyayenmu suna ba mu labarin Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, tun daga ta farko a 1957, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya zo a 1975. Ma'aikaci ya karɓi albashi, makaɗi ya samu inda zai yi wasa, tela ya samu ɗinki.

Masaƙun nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Otal ɗin Durbar an rushe shi a 2020. Tun rikicin addini na shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane, kowa ya koma ɓangaren da yake jin tsira. Mu kuwa kullum muna tsallaka gada. A cikinmu akwai 'yar Tudun Wada mai buga shantu, akwai 'yar Sabon Tasha da ta koyi fiyano a coci, akwai wadda ta karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai wadda ta taso tana kallon rawar bikin Afan a Kagoro. Abin da ke mana ciwo shi ne duk tallafin da ake shelantawa, in ya bar Legas, a Abuja yake kwana. Ga jirgin ƙasa tun 2016 yana tashi daga Abuja ya sauka Rigasa, amma shi tallafin bai san hanyar tasha ba.

Akwai masu ce mana jaz kayan aro ne. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka haife shi a New Orleans, jikokin waɗanda aka kwasa daga yammacin Afirka, kuma duk wadda ta san yadda zabiya ke ba da waƙa 'yan amshi suna karɓa ba za ta ɓata a cikinsa ba. Hannun kamfani ma ba sabo ba ne a wannan harka. A 1960 Pepsi-Cola ta ɗauki nauyin zuwan Louis Armstrong, shahararren mabushin ƙahon jaz na Amurka, Gana da Najeriya. Tare da shi akwai mawaƙiya Velma Middleton, wadda ciwo ya kama a Saliyo, ta rasu a can a 1961. Sunansa kowa ya riƙe, nata kuwa sai an tona. Shi ya sa muka ji daɗi da muka ji gidauniyarku mata ta sa a gaba.

Mu koma kan zaure, ranki ya daɗe. Rawar da muke yi ba ta gala ba ce, ba ta biki ba ce. Akwai tsalle, akwai faɗuwa, akwai mirginawa, a maimaita motsi ɗaya har ya zauna a jiki. A kan siminti muke yin duk wannan. Siminti ba ya lotsawa, duk nauyin da ka sauke masa sai ya mayar da shi ga idon sawu da gwiwa da ƙugu. Mafi gwaninta a cikinmu ta daina rawa saboda gwiwa, yanzu daga kan kujera take koyar da ƙannenta. Ɗakin taro muke haya da awa, in mai biki ya zo da kuɗinsa a ce mu kwashe kayanmu. Rashin tsayayyen wuri shi ke sa uba ya hana 'yarsa zuwa, kuma ba mu ga laifinsa ba: yau nan, gobe can, ga duhu, ga bakin mutane. In da ɗaki sananne, da mace mai gadi a ƙofa, a tashi kafin magariba, zai iya zuwa ya gani da idonsa. Germaine Acogny ta Sanagal, wadda bikin fasaha na birnin Venice a Italiya ya karrama da babbar lambarsa ta rawa a 2021, makaranta ta kafa a ƙauyen Toubab Dialaw, yau masu rawa daga ko'ina a Afirka can suke zuwa koyo. Mu ba makaranta muka ce ba, ɗaki ɗaya ne.

Muna da wasu buƙatu, kamar kayan busa da madubin bango da wutar sola, da kuɗin tura biyu daga cikinmu ƙaro ilimi. Duk sun shiga takardar da za mu miƙa miki. Amma in abu ɗaya za a iya, a jingine sauran a yi zauren. Aikin ma ba sai an ɗauko kowa daga nesa ba, kafintoci da maƙeran Panteka za su iya shi, mu kuma mun ɗauki alkawarin shara da gyara da kawo lissafin kowane kwabo.

Bayan an ci abinci 'yan matanmu za su yi miki wasa. Muna roƙon alfarma, kafin su fara, ki taso ki taka daɓen nan da ƙafarki. Allah ya mayar da ke gida lafiya.

Kwamitin tarbar baƙi, a madadin mata makaɗa da masu rawa na Kaduna.