Layin Ƙofar Gidanka: Wa Aka Tambaya Kafin a Taɓa Shi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Masu unguwanni, malamai, iyayenmu mata, da ku matasan fada da kuka bar shayi a kan gawayi kuka zo, ina gaishe ku.

Garin nan namu na Maraɗi ruwa ne ya sa aka sake zana shi. A 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari da ke fadama, sai Turawan Faransa suka hau da jama'a kan tudu, suka yanka layuka miƙaƙƙu masu faɗi. Daga baya gari ya miƙe zuwa unguwanni su Zariya da Ali Ɗan Tsoho, har ƙidayar 2012 ta same mu mun haura mutum 267,000. Yau kuwa ana yanka parsel, wato filin gini, a sayar tun kafin a yi maganar kaniwo (magudanar ruwa ta bakin layi) ko fitila. Layi miƙaƙƙe yana da daɗin iska, amma mai babur yana samunsa sai ya murɗa, ruwan damina ma haka, gangarawa yake wajen gulbi yana yankar rairayi.

To, idan za a gyara layi, wa ya san ciwonsa? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Injiniya yana da na'urar awo, ban raina ta ba. Amma Inna da ta shekara arba'in a bakin layin ita za ta nuna maka gidan da ruwa ke fara shiga. Yaran lakwal da na makarantar allo sun san kwanar da suke tsoron tsallakawa. Mai kabu-kabu ya san inda yashi ke kayar da mutum. Ku kuma 'yan fada, da ake yawan zagi, ku kaɗai ke zaune a waje bayan lisha, kun san lungun da yarinya ba ta iya bi idan an aike ta.

Matsalar ita ce yadda ake tambaya. A kira taro a mairi, ofishin magajin gari, da hantsi, a yi shi da Faransanci, a nuna taswirar da aka riga aka gama, sannan a ce an ji ra'ayin jama'a. Wannan sanarwa ce kawai. A fito a taka layin da ƙafa tare da masu shi, sau ɗaya bayan an ɗauke ruwan sama, sau ɗaya lokacin tashin 'yan makaranta, sau ɗaya da dare. Mata kuma a same su inda suke magana a sake. Ba sai an ƙirƙiro musu sabon kwamiti ba: tsarin Mata Masu Dubara a jihar nan ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi a 1991, kuma suna zama kowane mako da asusunsu. Matan da suka iya riƙe kuɗin juna za su iya faɗin inda ya kamata a kafa fitila.

Batun gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada abin hawa ya wuce kilomita 30 a awa inda yake cakuɗe da masu tafiya a ƙasa. Na san abin da muke yi idan aka kaɗe yaro: washegari sai a tara ƙasa da duwatsu a tsakiyar layi, ko a shimfiɗa igiya mai kauri. Na fahimci zafin zuciyar, amma tudun da ba fenti ba alama, da dare shi ma kayar da mutane yake, wani lokacin da mace mai ciki a bayan babur. Ku nuna wurin, ma'aikatan mairi su yi shi da ƙa'ida.

Itatuwa ma. Kowace ranar 3 ga Agusta muna dasawa, a ɗauki hoto, kafin rani ya yi nisa awaki sun gama da su. Amma a gonakin jihar nan tun shekarun 1980 aka ga sassaben zamani, wanda wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki a kansa tare da manoma: manomi ya kula da tohon da ya fito a gonarsa saboda ya tabbata icen nasa ne. A ba kowane gida bedinsa (dalbejiya) a ƙofa, a ce na Malam wane ne, ku ga ko ba za a kewaye shi da ƙaya ba.

Mu ma da namu. Na ga mai unguwa yana murmushi, ya san inda na nufa. Leda da toka a kaniwo muke zuba su. Mai gini ya jibge yashi da bulo a hanya har ya manta. Wani ya ja dakali da rumfa ya ci rabin layi. Toshe hanya don biki ko zaman makoki ban ga laifinsa ba, layi wurin zama ne tun asali, a dai bar wa motar asibiti mafita.

Sai dai kada a fake da gayya a sauke wa talaka nauyin da ba nasa ba. Mutanen unguwa za su iya yashe kaniwo kafin damina, ba za su iya gina babbar magudana ba, wannan aikin mairi ne, don shi ake karɓar haraji. Ko yasar ma sai an yi alkawari a gaban mai unguwa, a rubuta: ranar kaza matasa za su fito da shebur, ranar nan kuma mota ko amalanke za ta zo ta kwashe. In ba haka ba dattin zai zauna a bakin kaniwo, ruwan farko ya mayar da shi ciki, kuma baɗi ba wanda zai amsa kiran gayya.

Akwai wakilin mairi a nan, zan so ya fara amsa wannan kafin mu shiga tambayoyi.